Ɗana ya saka wa kawunsa hoton akuya, wai yabo ne: mene ne GOAT?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku fitar da ni daga duhu, tun jiya raina a jagule yake. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya yi ritaya daga koyarwa bayan shekara 35. Tsofaffin ɗalibansa suka haɗa masa walima, aka saka hotunan a Facebook. Ina cikin bin addu'o'in mutane, wannan ya ce Allah ya sa an gama lafiya, wancan ya ce Allah ya saka da alheri, sai na ci karo da sunan ɗana Khalifa. Ya rubuta GOAT da manyan baƙaƙe, ya kuma jera hoton akuya har guda uku. Ni dai iya Turancin da na yi a sakandare, goat akuya ce. Na kira shi ɗaki na rufe ƙofa, yaro ya dinga rantsuwa wai yabo ne, wai babu kalmar da ta fi ta girma a wajensu. A hannun Yaya ya yi firamare, shi ya biya masa kuɗin jarrabawa bara. Na sa shi ya goge nan take, amma ban sani ba ko Yaya ya riga ya gani. Gaskiya yaron nan ya faɗa min, ko wayo yake min?

Abba Na Messi:
Wa alaikumus salam Mama. Wallahi gaskiya ya faɗa miki. Mu kullum da ita muke kwana muke tashi a gidan kallon ƙwallo. Wanda ya fi kowa ake ce wa haka. Ki yi haƙuri, kada ki hukunta shi.

Malam Nura Mai Turanci:
Hajiya, kwantar da hankalinki, Khalifa bai yi miki ƙarya ba. GOAT ɗin nan haruffan farko ne na kalmomi huɗu, Greatest Of All Time, wato wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a fagensa, ko a da ko a yanzu. Da aka haɗa G da O da A da T sai suka yi daidai da sunan akuya a Turanci, kuma haka ake furta ta, ba a bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Hoton akuyar da kika gani daga baya ya biyo, don ya fi saurin latsawa a waya.

Asalinta daga ɗan damben nan ne Muhammad Ali. A watan Fabrairun 1964, yana ɗan shekara 22, lokacin ana kiransa Cassius Clay, ya doke Sonny Liston ya zama zakaran duniya, ya tsaya gaban 'yan jarida yana ihu cewa shi ne mafi girma. Kirarin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A 1992 matarsa Lonnie ta yi wa wani kamfani rajista da sunan G.O.A.T. don kula da haƙƙin sunansa da hotunansa. A 2000 mawaƙin Amurka LL Cool J ya fitar da faifai mai wannan suna, daga nan ta bazu a bakin matasa. Zuwa 2018 har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita. To kin ga ba yaranmu suka ƙirƙiro ta ba, tarar da ita suka yi a hanya.

Baba Garba Mai Rediyo:
Malam Nura ka tuna min da nisa. Ranar da Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974, ina saurayi a lokacin. Da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka fara, don mutanen Amurka su samu kallo da darensu. Mu wajen goma muka kewaye rediyo ɗaya a zauren maigidana, mun lulluɓa da zannuwa, mai jin Turanci ɗaya ne a cikinmu, shi yake mayar mana. A zagaye na takwas da ya ce Foreman ya faɗi, sai da maƙwabta suka fito suna tambaya ko gobara ce. Ina ƙaunar mutumin nan har gobe, Allah ya jiƙansa. Amma 'yata Maman Khalifa, da ni aka saka wa akuya a ƙarƙashin hotona, ko da sunan Ali aka haɗa ta, ba zan ji daɗi ba. Ba zan ɓoye miki ba.

Maman Khalifa:
Na gode Malam, na gode Baba. Hankalina ya ɗan kwanta da na ji ba zagi ya yi niyya ba. Amma abin da Baba ya faɗa shi ne ainihin damuwata. Yaya ba ya kallon ƙwallo, bai san wani LL ba. Idanunsa akuya za su gani.

Sadiƙ CR7:
Mama ai ko manyan 'yan wasan da kansu suna alfahari da akuyar. A 2018 kafin gasar cin kofin duniya ta Rasha, Messi ya ɗauki hoto rungume da ɗan akuya a bangon wata mujallar Amurka. Ana fara gasar Ronaldo ya zura wa Sifaniya ƙwallo uku, aka tashi 3-3, da ya ci ta farko ya ruga yana shafa haɓarsa, duniya ta ce gemun bunsuru yake nunawa. Kuma dai kowa ya san waye na gaskiyar. Kofin zakarun Turai biyar da Ronaldo ya ɗauka ba wasa ba ne.

Abba Na Messi:
Sadiƙ kada ka fara. Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon shekara, takwas na Messi da biyar na Ronaldo ba ɗaya ba ne. Tun ranar 18 ga Disamba 2022 da Messi ya ɗauki kofin duniya a Katar aka rufe wannan magana.

Baba Garba Mai Rediyo:
Ku yara, Pele ya ɗauki kofin duniya sau uku, 1958 da 1962 da 1970, ba a haifi iyayen wasunku ba. Gaba da gabanta. Amma ba wannan ya tara mu ba, ku bar baiwar Allah ta samu amsar tambayarta.

Zainab Nas:
Anti, bari in ƙara wani abu daga nan Amurka inda nake aiki. Kalmar ta wuce fagen wasa tuni. Ranar da na karɓi aikin dare a madadin wata abokiyar aikina da ɗanta ba shi da lafiya, saƙon da ta turo min da safe shi ne "you're the GOAT". Ba tana nufin na fi duk nas-nas ɗin duniya ba ne, godiya ce kawai mai zafi, kamar mu ce wa mutum kai, ka gama min komai. Yara kuma har sun mayar da ita siffa, sai su ce abu goated ne, wato ya kai maƙura wajen kyau, ko abinci ne ko takalmi. 'Yar wasan motsa jikin nan Simone Biles ma a 2021 ta fito da kan akuya da aka yi da duwatsu masu ƙyalli a jikin rigar wasanta.

Amma akwai abin da ya kamata masu koyo su kiyaye, don ƙaramin abu ne ke raba yabo da zagi. In ka ce "the GOAT", da the a gaba da manyan baƙaƙe, yabo ne. In ka ce wa mutum "a goat" da ƙananan baƙaƙe, to akuya ka kira shi, babu wata fassara. A baki kuma babu manyan baƙaƙe, the ɗin nan ce kaɗai ke cetonka.

Malam Nura Mai Turanci:
Zainab kin taɓo wuri mai muhimmanci. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Amurkar ma da can zagi ce a fagen wasa. Shekara da shekaru, in an ce wane ne goat na wasa, ana nufin shi ya jawo aka sha kashi. Misalin da suka fi kawowa shi ne Bill Buckner, ɗan wasan besbol na Boston. A wasa na shida na zagayen ƙarshe na 1986 da ƙungiyar New York Mets, ƙwallo ta zo masa a ƙasa a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce, suka rasa wasan ranar, daga baya kofin ma ya kuɓuce, alhali rabon Boston da shi tun 1918. Mutumin kirki, ɗan wasa mai kyau, amma aka liƙa masa sunan nan shekaru masu yawa. Masana da dama suna danganta wannan ma'ana da kalmar scapegoat, wadda ta samo asali daga al'adar Bani Isra'ila ta ɗora wa bunsuru zunuban jama'a a kora shi jeji. William Tyndale ne ya ƙera kalmar a fassarar Attaura da ya yi zuwa Turanci a 1530.

Don haka dattijon Ba'amurke da ya yi kallon wasa a shekarun 1970, da farko shi ma kansa ɗaurewa ya yi da jikokinsa suka fara kiran gwanaye da wannan suna. Ba mu kaɗai ba ne.

Isufu na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin ya fi naku rikitarwa, don da Faransanci muka yi lakwal. A Faransanci in an ce ɗan ƙwallo chèvre ne, wato akuya, ana nufin bai iya komai ba, ƙafafunsa biyu duk na hagu ne. To yanzu yaranmu sun ɗauko GOAT daga intanet, sai ka ji a majalisa ɗaya an ce wane GOAT ne, wane kuma chèvre ne, dabba guda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Har a kokowa sun shigo da ita. Duk lokacin gasar takobi za ka ga ana rubuta ta a ƙarƙashin hoton Issaka Issaka na Doso saboda yawan takubban da ya ɗauka. Ni kuwa in na ji makaɗa suna yi wa ɗan kokowa kirari a fili, ganga na tashi, jikina har tsuma yake, ban ga abin da haruffa huɗu za su ƙara masa ba.

Kuma don Allah a daina raina akuya gaba ɗaya. Jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato fatarsu ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, don ta can ayari ke bi da ita. Mata nawa ne a ƙauyukanmu suka aurar da 'ya'ya da kuɗin awaki?

Hajiya Rabi Malamar Hausa:
Malam Isufu, ba wanda ya ce akuya ba ta da amfani, amma amfani daban, matsayi a harshe daban. Jaki ma ai yana da amfani. Ni abin da nake so Khalifa da Abba da Sadiƙ su gane shi ne, kowace al'umma tana da dabbobin da take yabo da su da waɗanda take zagi da su, kuma ba a canja wannan da rana ɗaya. Bahaushe in zai kambama mutum sai ya ce zaki, giwa, toron giwa, bajimi, damisa ƙi sabo, ingarma. In zai ƙasƙanta shi sai ya ce kare, jaki, akuya. Kuma kun san abin da ɗan akuya yake nufi a Hausa, kun san wanda ake kira bunsuru. Ba maganar wauta ba ce kawai, magana ce ta lalata da bin mata. Yanzu ku dubi malamin da ya yi shekara 35 yana koyar da 'ya'yan mutane, cikinsu har da 'yan mata, an saka masa wannan a bainar jama'a ranar da ake karrama shi. Wanda bai san GOAT ba me zai kawo a ransa? Wannan ne ya sa na ce Maman Khalifa ta yi daidai da ta sa aka goge.

Abin da ya fi ba ni takaici, muna da tamu kalmar da ta bi irin wannan hanya sak. Zakara. Tsuntsu ne da ke yawo a tsakar gida yana tonon shara, amma mun ɗauke shi mun ba wanda ya yi nasara, har muna cewa zakaran gwajin dafi. Ba wanda zai ji haushi don an kira shi zakara. Ga gwarzo, ga gwani na gwanaye, ga gagarabadau, ga namijin duniya. Ɗan Anace bai nemi aron kalma daga kowa ba lokacin da yake wasa Shago, kuma har yau in an saka waƙar sai ka ga tsofaffi sun gyara zama.

Abba Na Messi:
Hajiya da girmamawa, na yarda da maganar dattawa. Amma zakara ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Zakara na bana ne, baɗi wani ya karɓe. GOAT kuwa har da waɗanda suka mutu da waɗanda suke raye aka haɗa aka auna. Kuma mu in muna rubutu ba Hausawa kaɗai ke karantawa ba, a ƙarƙashin hoto ɗaya akwai ɗan Gana, akwai ɗan Indiya, akwai ɗan Ajantina. In na saka akuyar nan kowa ya gane ni ba tare da na iya yarensa ba. Muna amfani da mota da burodi da makaranta da boko, wasu aro ne, ba wanda ya ce mun zubar da Hausa.

Hajiya Rabi Malamar Hausa:
Makaranta tamu ce Abba, daga karanta ta fito, amma na fahimci inda ka dosa. Aro ba laifi ba ne, rabin kalmomin addininmu ma daga Larabci suke. Sai dai mota da ta shigo ba ta tarar da wata mota mai mummunar ma'ana a gidan ba. Wannan kuwa da hotonta ta zo, hoton kuma ya riga ya yi suna a wurinmu. Ka yi ta da ɗan Ajantina, ban hana ka ba. Kawunka fa?

Ustaz Kabiru:
Ni ba akuyar ce ta fi damuna ba, ma'anar ce. Mafi girma a kowane zamani. Wa ya san kowane zamani in ba Allah ba? Kuma in ana maganar mafificin halitta, Musulmi ya san amsa ɗaya ce, Annabi sallallahu alaihi wa sallam. Ina jin nauyin in ga yaro ya ɗauki irin wannan lafazi ya ba mai buga tamaula. Na ma ga wasu, da kyakkyawar niyya, suna rubuta kalmar da hoton dabbar a ƙarƙashin karatun malamai da alarammomi. Wannan kam a bari, don Allah.

Malam Nura Mai Turanci:
Allah ya gafarta Malam, maganarka ta biyu na karɓa hannu bibbiyu, bai dace a kai ta wajen malamai da abin da ya shafi addini ba. Ta farkon ce nake da ɗan bayani. Masu harshen ba sa nufin fifiko a kan dukkan halitta. Kullum a cikin wani fage ake faɗarta, ko an ambata ko ba a ambata ba: a dambe, a ƙwallo, a tanis. Shi ya sa za ka ji suna da su da yawa, Serena Williams da manyan kofuna 23 a tanis, Tom Brady da kofuna bakwai a ƙwallon Amurka, Michael Jordan a ƙwallon kwando. Kamar yadda za mu ce ba a taɓa yin mawaƙi kamar Shata ba, ba wanda zai ce mun fifita shi a kan bayin Allah na gari. Khalifa cewa ya yi a cikin malaman makaranta babu kamar kawunsa.

Ustaz Kabiru:
Na gamsu da wannan bambanci Malam Nura, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina nan a kan cewa yawan kambamawa ba tarbiyyarmu ba ce. Ka yabi mutum da abin da ka sani a kansa, ka yi masa addu'a, ya fi masa amfani.

Zainab Nas:
Ustaz ko a nan akwai masu ƙorafin an tsinka kalmar. Da sai an yi shekaru ana gardama kafin a ba mutum ɗaya, yanzu wanda ya kawo maka shayi ma GOAT ne. Amma ni ina tausayin Khalifa. Yaro ɗan shekara 17 ya ga ana yabon mutumin da ya riƙe shi, ya lalubo kalma mafi tsada a cikin jakarsa, wadda yake ba gwanin da yake kwana yana kallo, ya miƙa wa kawunsa. Samarin yanzu ba kasafai suke iya buɗe baki su ce wa babba ina ƙaunarka ba. Anti, kada ki bar shi da jin cewa abin kunya ya yi. A nuna masa inda ya kuskure, amma a karɓi abin da ke zuciyarsa.

Baba Garba Mai Rediyo:
'Yata Zainab ta faɗi gaskiya. Shawarata, kada a tsaya jiran ko ya gani ko bai gani ba. Irin wannan in an yi shiru ne yake zama ƙulli. Ki ɗauki yaron ku je gidan da ƙafarku, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa da Hausa abin da ya so faɗa da Turanci.

Sadiƙ CR7:
Ni ma yanzu na koma na goge wadda na saka wa babban wanmu ranar ɗaurin aurensa. Wata uku ke nan, bai taɓa ce min komai ba, sai yau na fara tunanin ko shi ya sa ya ɗan ja baya da ni. Zan kira shi anjima.

Maman Khalifa:
Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun bi shawarar Baba, bayan la'asar muka je. Ashe Yaya ya gani tun daren, har ya nuna wa matarsa, ya ce mata bai san abin da ya yi wa yaron nan ba. Ta ce min bai ci tuwon dare ba ranar. Da na ji haka sai da hawaye suka zubo min. Khalifa ya durƙusa, murya na rawa, ya ce Kawu ni nufina duk malaman da aka taɓa yi babu kamarka. Na karanta masa bayanin Malam Nura tun daga kan Muhammad Ali. Yaya ya yi shiru ya jima, sannan ya ce a zamaninsu hoton Ali ne manne a bangon ɗakinsu na kwalejin horon malamai. Ya dafa kan Khalifa ya sa masa albarka, ya ce ya koma ƙarƙashin hoton ya sake rubutawa, amma wannan karon da Hausa, kuma ya kawo masa ya duba ƙa'idar rubutun kafin ya tura. Sun zauna a tabarma su biyu da biro da takarda, sai da ya sa shi ya gyara ƙugiyar ƙ sau biyu. Na baro su ana kiran magariba ba su gama ba.